Nikolai Vavilov: Mutumin Da Ya Tara wa Duniya Iri, Yunwa Ta Kashe Shi

Gabatarwa

Idan aka ce za a kawo tarihin wani mashahurin mutum a wannan mujalla tamu, abin da mai karatu ya saba gani shi ne tarihin sarki ko malami ko mawaƙi. A wannan karon na ɗan kauce wa wannan hanya, na ɗauko wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha mai suna Nikolai Ivanovich Vavilov, wanda ya rasu tun a shekarar 1943. Dalilina shi ne, tambayar da ya ƙare rayuwarsa a kanta tambaya ce da kowane manomi ya taɓa yi wa kansa. Duk wanda ya shiga gonar dawa da kaka ya san yadda burtuntuna kan mayar da zangarniya baƙin gari, alhali wadda ke jingine da ita tana nan lafiya ƙalau. Ruwa ɗaya suka sha, taki ɗaya suka ci, iska ɗaya ta kaɗa su. To me ya kare wannan ya bar waccan? Amsar da Vavilov ya tsaya a kanta ita ce, kariyar tana cikin irin, ana gadonta kamar yadda ɗa kan gaji kamannin ubansa. Saboda haka duk al'ummar da ta bari irinta ya salwanta, ta zubar da maganin wata cuta da ba ta ma zo ba tukuna.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Vavilov a birnin Mosko ranar 25 ga Nuwamba, 1887. Mahaifinsa ɗan ƙauye ne da ya tashi cikin talauci, ya shigo birni ya zama babban ɗan kasuwa, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Yaron ya zaɓi aikin gona. Ya shiga Kwalejin Aikin Gona ta Mosko, ya kammala da bincike a kan dodon-koɗi da ɓarnar da yake yi wa shuka. Tsakanin 1911 da 1912 ya yi aiki a birnin Petersburg, a ofishin nazarin tsirrai masu amfani da kuma ofishin nazarin cututtukan shuka. A nan ne ya fara sanin fumfuna sosai.

Ya kamata in ɗan yi bayani a kan wannan kalma, domin za ta yi ta dawowa. Mu a gida fumfuna ita ce abin da kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu ko masarar da aka ajiye da laima. Masana kimiyya kuwa sun tara wannan da naman kaza da burtuntuna da tsatsar da kan fito a ganyen alkama ko gyaɗa, duk a gida ɗaya. Halittu ne masu rai, suna yaɗuwa ta hanyar wata ƙura mai laushi da iska ke ɗauka, kuma da yawansu a jikin tsiro mai rai suke cin abinci. Da wannan faffaɗar ma'ana zan yi amfani da kalmar.

A shekarar 1913 aka tura shi Ingila, inda ya zauna wurin William Bateson, mutumin da ya raɗa wa ilimin gadon halitta sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau. Lokacin ilimin jariri ne, domin sai a 1900 aka sake gano aikin Gregor Mendel a kan yadda siffofin tsiro ke bin zuriya. A garin Kambirij kuma akwai Rowland Biffen, wanda a 1905 ya nuna abin da ya girgiza masana. Ya haɗa auren alkama mai kamuwa da tsatsa da wadda ba ta kamuwa, sai ya ga a cikin jikokinsu kusan kashi uku suna kamuwa, kashi ɗaya ba ya kamuwa, daidai da lissafin Mendel. Wato ke nan jure wa cuta ba sa'a ba ce, akwai wata ƙwayar gado da ke ɗauke da ita. Vavilov ya dawo gida a 1914, da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, da wannan tunani cike da kansa.

Iri Biyu na Kariya

A 1916 rundunar Rasha da ke arewacin Iran ta rasa gane abin da ke sa sojojinta jiri da maye bayan sun ci burodi. Aka aika Vavilov, ya gano cewa ƙwayar wata ciyawa mai dafi ce da ke tsirowa cikin alkama ake niƙewa tare da ita. Da ya gama wannan aiki bai juyo gida ba, ya zarce har duwatsun Pamir yana tattara iri. Abin da ya fi so ya samu shi ne asalin wata alkama da ake kira ta Farisa, wadda ya gwada ya ga farar fumfuna mai kama da gari ba ta kama ta ko kaɗan. Abin dariya, bai same ta a Farisa ba. Daga baya aka gano cewa manoman duwatsun Jojiya ne ke noma ta.

A 1917 ya zama farfesa a garin Saratov da ke bakin kogin Volga, kuma a 1919 ya fitar da littafinsa a kan yadda tsirrai ke kare kansu daga cututtuka masu yaɗuwa. A ciki ya raba kariya gida biyu. Akwai ta ginin jiki, irin su kaurin ɓawo da gashin ganye da yadda fure ke rufe kansa, wadda tana nan ko cuta ta zo ko ba ta zo ba, kamar katangar gida. Akwai kuma wadda sai cutar ta shigo jikin tsiron ya farga ya mayar da martani, kamar mai gadi. Shekara guda bayan haka, a wani taro da aka yi a Saratov ɗin, ya gabatar da wata ƙa'ida da ta sa sunansa ya fita duniya: tsirrai 'yan dangi ɗaya sukan bambanta ta hanyoyi masu kama da juna, saboda haka idan ka ga wata siffa a jikin ɗaya, ka neme ta a jikin ɗan'uwansa.

Darasi Daga Itacen Fayin

Aikin Vavilov ya fi ƙarfi a kan hatsi, amma a ganina babu inda gaskiyar tunaninsa ta fito fili kamar a labarin itacen fayin, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. Fayin dogon itace ne na katako, ganyensa sirara kamar allura, ba ya kaɗewa da rani. Wanda ya je Jos ko Mambila ko gandun dajin Afaka kusa da Kaduna ya ga irinsa da aka shigo da shi aka dasa. Wanda nake magana a kansa wani reshe ne na danginsu da ake kira farin fayin, mai allura biyar a kowane ƙulli, wanda ya cika dazuzzukan Amurka ta Arewa.

Kariyarsa ta farko irin ta katanga ce. Yana da ɓawo mai kauri, ga kuma danƙo mai ƙamshi da ke tsatsowa da zarar an ji masa rauni, kamar yadda ƙaro ke fita a jikin ɗakwara, ya toshe ƙofar ya kuma hana fumfuna sakewa. Da wannan ya rayu dubban shekaru. Sai ga wata tsatsa mai suna Cronartium ribicola, wadda asalinta nahiyar Asiya ce. Ta fara ɓarna a Turai, daga nan ta tsallaka teku a jikin dashen da Amurkawa suka sayo daga gonakin renon itatuwa na Turai. An gan ta a jihar New York a 1906, kuma a 1910 wani dashe da aka kawo daga Faransa ya shigar da ita yammacin nahiyar ta garin Vancouver. Ba ta bi ta ɓawo. Ta ƙananan kafofin numfashi da ke jikin allurar take shiga, ta gangara zuwa reshe, daga reshe zuwa gangar jiki, ta yi gyambo ta kewaye itacen kamar an ɗaura masa igiya, duk abin da ke sama da wurin ya bushe. Katangar ba ta yi amfani ba, domin ɓarawon ta taga ya shigo.

Wannan tsatsa tana da wani hali: ba ta tashi daga fayin zuwa fayin kai tsaye, sai ta ya da zango a jikin wani tsiro, galibi wani ƙaramin itace mai 'ya'ya da ake kira Ribes. Saboda haka Amurkawa suka ce bari su tumɓuke shi duka. Suka zuba dubban ma'aikata cikin daji, musamman a shekarun 1930, suka tuge ɗaruruwan miliyoyin tushe. Bayan shekaru kusan hamsin, a cikin shekarun 1960, suka haƙura, domin cutar ba ta tsaya ba. Ka ji aikin baban giwa.

Mafita ta fito ne daga inda Vavilov ya nuna. A 1950 wani ma'aikacin gandun daji mai suna Richard Bingham ya fara yawo a dazuzzukan jihar Idaho yana neman itatuwan da suka tsaya da ƙafarsu a tsakiyar matattu, yana haɗa aurensu yana renon 'ya'yansu. A 1970 kuma Bohun Kinloch da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna cewa a jikin wani nau'i da ake kira fayin mai suga, ƙwayar gado guda ɗaya tak, mai rinjaye, ta isa ta tsayar da cutar. Aka sa mata suna Cr1. Yadda take aiki abin sha'awa ne. Da zarar tsatsar ta shiga allura, itacen da ke da wannan ƙwaya yakan gane ta nan take, sai ya kashe ɗan naman ganyensa da ke kewaye da wurin. Ita kuwa tsatsa ba ta iya rayuwa sai a nama mai rai, sai ta maƙale a cikin ɗan tabo ta mutu. Daidai yake da manomin da ya hango gobarar daji, ya yi sauri ya ƙone ciyawar da ke kewaye da rumbunsa don wutar ta rasa abin ci. Wannan shi ne mai gadin da Vavilov ya yi magana a kansa tun 1919. Daga baya aka sami irin wannan ƙwaya a wasu nau'o'i uku 'yan'uwansa, aka kira su Cr2 da Cr3 da Cr4, kamar dai yadda ƙa'idarsa ta 'yan dangi ta yi hasashe. Neman takamaiman wurinta kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin da aka karanta kundin gadon fayin mai suga a 2016, an tarar ya ninka na ɗan'adam kusan sau goma.

Sai dai mai gadi ɗaya ana iya yi masa wayo. Tun a shekarun 1940 wani Ba'amurke mai suna Harold Flor ya nuna cewa kowace ƙwayar kariya a jikin tsiro tana gane wata alama guda ce a jikin cutar, kuma idan cutar ta sauya wannan alama, sai ta wuce ba a gan ta ba. Haka ta faru. A wani wuri da ake kira Happy Camp a Kalifoniya an sami tsatsar da ke cin itatuwa masu Cr1, a jihar Oregon kuma aka sami wadda ke cin masu Cr2. Wannan ya sa masu renon itatuwa ba sa dogara da ƙwaya ɗaya. Suna haɗawa da wata kariya da ƙwayoyin gado masu yawa ke ɗauke da ita, kowace da ɗan nata taimako: wani itacen yakan zubar da allurar da ta kamu kafin cutar ta kai reshe, wani yakan killace gyambon a ɓawo, wani kuma gyambon ne ke tafiyar hawainiya a jikinsa. Ba ta hana kamuwa ɗungurungum, amma ta fi wuyar karyawa.

Abu na ƙarshe a wannan labari shi ne ya fi kusa da zuciyar Vavilov. Fararen fayin na Asiya, irin na Koriya da Sin da duwatsun Himalaya, waɗanda suka daɗe suna zaune da wannan tsatsa, ba ta cika yi musu illa ba. Na Amurka da ba su taɓa haɗuwa da ita ba su ne ta karkashe. Abokin aikinsa Pyotr Zhukovsky ne ya faɗaɗa wannan tunani daga baya: idan kana neman maganin cutar tsiro, ka tafi ƙasar da tsiron da cutar suka tashi tare.

Tafiye-Tafiyensa

Wannan tunani ne ya hana shi zama. A 1921, ana tsakiyar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a yankin Volga, ya koma Petrograd, wadda daga baya aka kira Leningrad, ya karɓi shugabancin ofishin da ya taɓa yi wa aiki, ya mayar da shi babbar cibiyar nazarin tsirrai. Daga nan sai tafiya: Afganistan a 1924, ƙasashen bakin Bahar Rum da Arewacin Afirka da Siriya da Falasɗinu a 1926, yammacin Sin da Japan da Koriya a 1929, Meziko a 1930, Kudancin Amurka a 1932 zuwa 1933. Ya taka ƙasashe fiye da 50, a kan doki da alfadari da ƙafa. Duk inda ya sauka, kasuwar hatsi da gonar talaka yake fara nema. Ma'aikatansa da ya tura Meziko da duwatsun Andes sun kwaso dankalin daji da na gargajiya, kuma a cikin dankalin dajin Meziko ne masu gyaran iri suka sami kariya daga cutar nan da ta jefa Ailan cikin yunwa a shekarun 1840. Kafin 1940 cibiyarsa ta tara samfurin iri kimanin 250,000, babu kamarta a duniya a lokacin.

A farkon 1927 ya shiga Habasha, ya gana da Ras Tafari wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, ya ratsa duwatsun ƙasar da ayarin alfadarai har ya fita ta Eritiriya. Yawan nau'o'in alkama da sha'ir da ya gani a can ya sa ya lissafa Habasha cikin cibiyoyi takwas da ya ce a nan ɗan'adam ya fara mayar da tsirran daji na gida.

A nan ne nake da ƙorafi a kansa, ko da yake ba a zargin mutum da rashin ganin inda ƙafarsa ba ta taka ba. Vavilov bai zo Afirka ta Yamma ba, saboda haka taswirarsa ta bar mu a fili. Alhali gero a yankin Sahel aka fara noma shi, kuma an tono burbushinsa mai shekaru kusan 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Shinkafar Afirka tamu ce, wake namu ne. Gurjiya kuwa, wadda wasu ke kira kwaruru, masana sun sami kakanninta na daji daga Jos zuwa Yola har Garwa ta Kamaru, wato dai ƙasarmu ta Adamawa tana tsakiyar gidanta. Wanda ya gyara wannan giɓi shi ne Jack Harlan, Ba'amurken da yana saurayi ya ga Vavilov ya sauka a gidan mahaifinsa. Shi ya zagaya Afirka yana nazarin dawa, kuma a 1971 ya nuna cewa noma a nahiyarmu bai fito daga wuri ɗaya ba, ya tsiro ne a faɗin wani dogon yanki daga Tekun Atlantika har gabashin Afirka.

Kuma abin da ya faru da fayin ya faru da wakenmu. Ƙudujin da ke shanye wake a gonakin Kano da Katsina, an sami kariya daga gare shi a jikin wani waken gargajiya na ƙasar Botswana da aka yi wa lamba B301. Masu bincike na cibiyar IITA a Kano suka shigar da ita cikin sababbin iri, kuma a 2009 aka gano ƙwayar gadon kanta. Aikinta irin na Cr1 ne: ta gane maƙiyi, ta kashe wurin da ya kama. Shi ma ƙudujin yana da launuka, wanda wani iri ya tsayar a wata ƙasa yakan ci shi a wata.

Rikicinsa da Lysenko

Da a ce ilimi kaɗai ake dubawa, da Vavilov ya tsufa cikin daraja. A 1929 ya zama shugaban Cibiyar Kimiyyar Aikin Gona ta Tarayyar Sobiyat baki ɗaya. Amma a wannan lokaci ne Stalin ya tilasta wa manoma haɗe gonakinsu a ƙarƙashin gwamnati, abin da ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan. Gwamnati tana neman wanda zai yi mata alkawarin abinci gobe-gobe, tana kuma neman wanda za ta ɗora wa laifi. Shi Vavilov gaskiya yake faɗa, cewa fitar da sabon iri mai jure cuta yakan ci shekara goma ko fiye.

Sai ga Trofim Lysenko, ɗan manoma, mai baki. Ya ce babu wani abu wai shi ƙwayar gado, tsiro tarbiyya ake yi masa, idan ka jiƙa iri ka sanyaya shi ya canza hali, 'ya'yansa ma za su gaji canjin. Maganar ta yi wa masu mulki daɗi, domin tana da sauri kuma ta dace da aƙidarsu. Abin takaici, Vavilov da kansa ya taimaka wajen ɗaga shi tun farko, yana yabon gwaje-gwajensa har a taron masana na duniya da aka yi a Amurka a 1932. Ina ganin kyakkyawan zato ne ya yi masa yawa, ya ɗauka mai kuskure a ilimi hujja ce ke gyara shi. Bayan 1933 ba a sake barinsa ya fita ƙasar ba. A 1935 aka sauke shi daga shugabanci, a 1938 kujerar ta koma hannun Lysenko. A 1939 masana ilimin gado na duniya suka zaɓe shi shugaban taronsu a Edinbara, aka hana shi zuwa. Duk da haka ya ci gaba da musanta Lysenko a bainar jama'a, alhali yana ganin ana kwashe abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar 6 ga Agusta, 1940, yana cikin tattara iri a yammacin Yukren, wasu mutane suka zo da mota suka ce ana nemansa a Mosko da gaggawa. Watanni goma sha ɗaya aka yi ana yi masa tambayoyi, kusan zama 400, yawanci da dare, a tsaye, har ƙafafunsa suka kumbura. Ya sa hannu a kan cewa ya yi wa aikin gona zagon ƙasa, amma ya ƙi amsa laifin leƙen asiri. Ranar 9 ga Yuli, 1941, a shari'ar da ba ta wuce 'yan mintoci ba, aka yanke masa hukuncin kisa. A cikin wannan hali ya rubuta littafi a kan tarihin noma a duniya, wanda masu tsaronsa suka lalata.

Masu Gadin Iri

Yana kurkuku sojojin Jamus suka kewaye Leningrad, daga Satumba 1941 har Janairu 1944. Mutane fiye da 600,000 suka mutu, akasarinsu da yunwa. A tsakiyar birnin kuwa ga ginin cibiyarsa cike da shinkafa da alkama da wake da dankali. Ma'aikatan da suka rage suka shiga gadinsa, suna korar ɓeraye, suna ƙona abin da suka samu don kada sanyi ya kashe dankalin. Ba su ci ba. Alexander Shchukin, masanin gyaɗa, a kan teburinsa aka tarar da gawarsa. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, ya mutu da yunwa a tsakiyar dubban ƙunshin shinkafa. Akwai wasu da dama irinsu. Sun san cewa abin da ke cikin ƙunshin nan ba zai ciyar da birnin ko na yini ɗaya ba, amma idan aka cinye shi babu inda za a sake samo shi.

Wannan wuri na tarihin ba na iya karanta shi kamar labarin nesa. A ƙarshen Oktoba 2014, ina ƙaramin yaro, 'yan tada ƙayar baya suka shiga Mubi, muka fita daga Kolere da abin da hannu ya iya ɗauka, dawa tana tsaye a gona ba a girbe ba. Da muka dawo, cikin abubuwan da babu har da wata tukunya da kakata ke ajiye irin gurjiyarta a cikin toka, wata mai dabbare-dabbare da ta ce daga hannun uwarta ta karɓa. An sayo wata a kasuwa an shuka, ta kuma yi, amma ba ita ba ce. Ko akwai wata kariya a cikin waccan da babu a sauran, yanzu ba mai iya gwadawa. A shekarar da ta biyo baya, 2015, cibiyar ICARDA da yaƙi ya raba da rumbunta na Halab a Siriya ta je babban rumbun iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008, ta karɓo kwafin da ta ajiye ta sake shukawa. Bambancinsu da kakata shi ne su suna da ajiya a wani wuri.

Mu ma muna da irin waɗannan rumbuna. Akwai cibiyar NACGRAB ta gwamnatin tarayya a Ibadan tun 1987, ga IITA da ke riƙe da nau'in wake fiye da 15,000 da gurjiya kusan 2,000, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Amma ƙunshin iri da lamba kawai a jikinsa rabin ajiya ne. Wanda ya san cewa wannan dawar ita ce ba ta yin burtuntuna, waccan ita ke jure ƙuduji, wannan kuma tsuntsu ba ya son ta, tsohuwa ce ko tsoho a ƙauye, kuma a cikin suna da karin magana ya adana sanin. Kaura da farafara da jigari da masakwa manyan sunaye ne kawai, a ƙarƙashin kowanne akwai ƙanana da Hausa da Fulatanci da Gude da Fali da sauran harsunan duwatsunmu. Mu ɗaliban harshe da ake turawa ƙauyuka neman kalmomin saƙa da ƙira don kundin kammala digiri, ban ga abin da zai hana a tura wasunmu su rubuto sunayen iri da abin da manoma suka sani game da kowanne ba.

Rasuwarsa

A Oktoba 1941, da Jamusawa suka doso Mosko, aka kwashe fursunoni zuwa Saratov, garin da ya taɓa koyarwa, inda kuma ya gabatar da ƙa'idar da ta ɗaukaka shi. Aka sa shi a ɗakin masu jiran kisa, a ƙarƙashin ƙasa, babu taga. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labarin cewa yakan yi musu darasi a kan tsirrai da tafiye-tafiyensa don su manta da halin da suke ciki. A 1942 Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Ingila ta zaɓe shi mamba, ba tare da ta san inda yake ba, kuma a wannan shekara aka sassauta hukuncinsa zuwa ɗaurin shekara 20. Sassaucin bai zo da abinci ba. Ya rasu ranar 26 ga Janairu, 1943, yana da shekara 55, jikinsa ya ƙare saboda yunwa. Matarsa Elena Barulina, wadda ita ma masaniyar tsirrai ce, tana zaune a Saratov ɗin tare da ɗansu Yuri a lokacin, ba su san yana cikin garin ba.

A 1945 Stalin ya naɗa ƙanensa Sergei, masanin kimiyyar haske, shugaban Cibiyar Kimiyya ta ƙasar, ya kuma riƙe muƙamin har mutuwarsa a 1951. A 1948 aka haramta koyar da ilimin gadon halitta a Tarayyar Sobiyat, kuma sai a 1965 aka raba Lysenko da kujerarsa. Kotu ta wanke Vavilov daga dukkan laifuffukan a 1955, kuma a 1967 aka sa wa cibiyarsa sunansa. An kafa masa dutsen tunawa a maƙabartar Saratov, amma ba a kan kabarinsa ba, domin a ramin gayya aka zuba shi tare da sauran fursunoni.